Idan kwamfutar tebur ta ƙi hawa Windows 11: yadda ake gano musabbabi da yadda ake gyarawa

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar da ya saba, wato sabuntawar tsaro ta wata-wata da ke toshe ƙofofin da masu kutse ke bi ta daina zuwa ga kowa kyauta. Wannan ya sa masu shagunan buga takardu, da makarantu, da ofisoshi, da ma magidanta masu kwamfuta ɗaya a ɗaki, suka tashi neman mayar da na'urorinsu kan Windows 11, wadda ta fito tun ranar 5 ga Oktoba 2021. Da yawa sun tarar da cewa kwamfutar ta ƙi. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, ƙin hawan nan iri biyu ne, kuma maganin kowanne daban. Akwai kwamfutar da ake tarewa tun daga bakin ƙofa a ce mata ba ta cika sharuɗa ba, akwai kuma wadda ke fara aikin, ta yi nisa, sannan ta sake kunna kanta ta dawo kan Windows 10 tana cewa ta warware canje-canjen da ta yi. Wanda bai bambance waɗannan biyun ba yakan ɓata data da lokaci yana maimaita abu ɗaya, ko kuma ya miƙa ta ga mai gyara ya goge komai, alhali sau da yawa abin da ake buƙata bai wuce sauya saiti ɗaya ba.

Abin da za a tanada kafin a taɓa komai

Da farko ka kwashe takardunka da hotunanka da duk abin da ba ka son rasawa zuwa wani faifan ajiya na waje, domin wasu daga cikin matakan da ke tafe suna taɓa tsarin faifan kwamfutar ne kai tsaye. Bayan haka ka duba ko an kulle faifan da BitLocker, wato tsarin Windows na ɓoye abin da ke cikin faifai. Ka buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, ta hanyar danna masa dama ka zaɓi Run as administrator, sannan ka rubuta manage-bde -status. Idan ya nuna kariyar tana kunne, ka nemo mabuɗin ceto, lambobi ne guda 48, ka rubuta su a takarda, domin sauya saitin BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows, na iya sa kwamfutar ta nemi su kafin ta buɗe, kuma idan babu su babu wanda zai iya fito maka da abin da ke ciki.

Sai batun wuta, wanda ya fi shafar kwamfutar tebur fiye da ta cinya, tun da ba ta da batirin da zai riƙe ta. Ɗauke wuta a tsakiyar ɗora Windows yakan sa ta koma baya kawai, amma ɗauke wuta a tsakiyar sabunta BIOS na iya kashe madabod ɗin, wato babban allon da sassan kwamfutar ke jone a kai, gaba ɗaya. Kada ka fara sai da UPS mai lafiyayyen batiri, ko inbata, ko janareta mai isasshen mai.

Mataki na farko: a tambayi kwamfutar abin da ta rasa

Ka danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta winver. Ana buƙatar Windows 10 ɗinka ta kasance siga ta 2004 ko wadda ta biyo bayanta, kuma mafi dacewa ta kasance 22H2, wadda ita ce ta ƙarshe. Idan ta gaza haka, sai ka fara sabunta Windows 10 ɗin tukuna. Daga nan ka sauke manhajar PC Health Check daga shafin Microsoft, ka buɗe ta ka danna Check now, sannan See all results. Ita ce za ta faɗa maka sharaɗin da aka gaza da sunansa.

Sharuɗan kuwa su ne: furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) mai bit 64 da ke cikin jerin waɗanda Microsoft ya amince da su, RAM na gigabait 4, faifan ajiya na gigabait 64, sabon tsarin kunnawa na UEFI mai iya ɗaukar Secure Boot (kariyar da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tashi lokacin kunnawa), TPM siga ta 2.0, da katin hoto mai jituwa da DirectX 12. RAM da faifai ba abin damuwa ba ne a kwamfutar tebur, domin buɗe murfi a ƙara su abu ne mai sauƙi. Uku ne ke tsayar da yawancin mutane: furosesa, TPM, da Secure Boot.

Ka rubuta msinfo32 a akwatin nan na Windows da R, ka duba layuka huɗu. System Type zai nuna x64 idan Windows ɗin mai bit 64 ce, Processor zai ba ka sunan furosesa, BIOS Mode zai ce UEFI ko Legacy (tsohon tsarin kunnawa), sai Secure Boot State. Ka kuma leƙa Settings, System, About ka ga ko Windows ɗin da ke kai mai bit 32 ce. Idan haka ne, babu hanyar hawa kai tsaye ko da na'urar ta cika sharuɗa, domin Windows 11 ba ta da siga mai bit 32, sai dai a ɗora sabuwa daga tushe.

Furosesa: inda saiti ba ya magani

A ɓangaren Intel, amincewar ta fara ne daga zubi na 8, in ban da wasu 'yan ƙalilan na zubi na 7 da aka keɓe. Ana gane zubi daga lambar da ke bin sunan: Core i5-8500 zubi na 8 ne, Core i5-7500 zubi na 7, Core i7-4790 zubi na 4. Mutane da yawa suna ruɗuwa su ɗauka cewa tun da tasu i7 ce to dole ta wuce, alhali i3-8100 tana cikin jerin, i7-6700 kuwa ba ta ciki. A ɓangaren AMD kuma, abin ya fara ne daga jerin Ryzen 2000, ko da yake ba duk mai wannan lamba ba ce ta shiga, don haka a duba jerin Microsoft ɗin.

Wannan ya shafi kasuwarmu sosai, domin yawancin kwamfutocin tebur da ake saye a Kano da Kaduna da sauran garuruwa na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sallama. Dell OptiPlex 7040 da 7050 na zubi na 6 da na 7 ne, sai daga 7060 aka shiga zubi na 8. Haka HP EliteDesk 800 G3 ba ta kai ba, G4 ce ta kai, kamar yadda Lenovo ThinkCentre M910 ba ta kai ba amma M920 ta kai. Kada kuma wani ya ce maka zai cire furosesar zubi na 7 ya sa ta 8 a madabod ɗaya. Ramin nasu iri ɗaya ne a ido, amma madabod ɗin zubi na 6 da na 7 ba a ƙera shi don ya karɓi na 8 ba. Idan nan ne matsalarka, ka tsallake zuwa sashen ƙarshe.

TPM: yawanci yana nan, kashe shi aka yi

TPM wani ɓangare ne na tsaro da ke adana mabuɗan sirri. Ka rubuta tpm.msc a akwatin Windows da R. Idan taga ta buɗe ta ce TPM ɗin a shirye yake, ka duba Specification Version a ƙasa ka tabbatar 2.0 ne. Idan ta ce ba a samu TPM mai jituwa ba, kada ka yi saurin zuwa kasuwa, domin furosesocin zubi na 8 zuwa sama suna da shi a cikinsu, sai dai masu ƙera madabod da yawa sun riƙa fito da shi a kashe.

Ka kashe kwamfutar ka kunna, kana ta danna maɓallin shiga BIOS tun kafin tambarin Windows ya bayyana: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo na tebur, Delete a yawancin madabod na Asus da Gigabyte da MSI. Idan tana saurin wucewa, ka riƙe Shift ka danna Restart daga cikin Windows, ka bi Troubleshoot, Advanced options, UEFI Firmware Settings. A ciki ka nemi sashen Security ko Advanced ko Trusted Computing. Abin da ke wahalar da mutane shi ne ba kullum ake rubuta TPM ɗin da sunansa ba. A na'urar Intel za ka ga PTT ko Intel Platform Trust Technology, a ta AMD za ka ga fTPM, a wasu kuma Security Device Support. Ka mayar da shi Enabled, ka adana, ka fita.

A kusa da wannan saitin akwai wani mai suna Clear TPM. Kada ka taɓa shi, domin yana goge mabuɗan da ke ciki ne, ciki har da na BitLocker da na lambar shiga Windows.

Idan tpm.msc ya nuna 1.2, wasu na'urorin Dell da HP na ofis suna da manhajar mayar da shi 2.0 a shafin kamfanin, ana nemo ta da lambar na'urar da ke manne a jikin akwatin. Amma ka fara tabbatar da cewa furosesar ta cancanta, domin yawancin masu TPM 1.2 tsofaffi ne da furosesarsu ma ba ta cikin jerin.

Secure Boot da tsarin faifai: matakin da ya fi buƙatar natsuwa

A nan ne aka fi lalata kwamfuta, don haka zan tsaya a kansa. Idan msinfo32 ya nuna BIOS Mode ɗinka Legacy ne, to kusan tabbas faifanka a tsohon tsarin rabo yake, wato MBR, alhali Windows a ƙarƙashin UEFI tana tashi ne daga faifai mai tsarin GPT. Masu gyara da yawa sun saba ɗora Windows a Legacy ko a kan sabuwar na'ura, saboda filash ɗin da suke yawo da shi haka aka haɗa shi. Kuskuren da ake yi shi ne a shiga BIOS a mayar da shi UEFI kai tsaye, sai kwamfutar ta tashi da baƙin allo tana cewa ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Idan haka ta riga ta same ka, babu abin da ya ɓace. Ka koma BIOS ka mayar da Legacy, za ta tashi.

Tsarin da ya dace shi ne a juya faifan tukuna, sannan a juya BIOS. Don ka tabbatar da tsarin faifan, ka buɗe Disk Management, ka danna dama a kan Disk 0, ka shiga Properties sannan Volumes, ka karanta Partition style. Idan MBR ne, Windows 10 tana da kayan aikin juyawa ba tare da goge komai ba. Ka dakatar da BitLocker idan yana kunne, ka buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, ka rubuta:

mbr2gpt /validate /allowFullOS

Wannan gwaji ne kawai, ba ya canza komai. Idan ya ce an kammala gwajin cikin nasara, sai ka rubuta:

mbr2gpt /convert /allowFullOS

Gwajin yakan gaza idan faifan yana da manyan rabe-rabe fiye da uku, ko kuma yana da rabo irin na extended, abin da ake yawan samu a inda aka yanka faifai gida-gida zuwa C da D da E. A irin wannan hali sai ka kwashe abin da ke cikin rabon da ya yi yawa zuwa waje, ka goge shi, ka sake gwajin. Da zarar juyawar ta kammala, kwamfutar ba za ta ƙara tashi a Legacy ba, kuma kayan aikin ba ya mayar da faifai baya, shi ya sa dole ka riga ka ga da idonka cewa BIOS ɗinka yana da zaɓin UEFI kafin ka fara. Yanzu sai ka shiga BIOS ka zaɓi UEFI, ka kashe CSM ko Legacy Support, wato saitin da ke barin tsohon tsarin kunnawa ya yi aiki, ka adana, ka bari Windows ta tashi sau ɗaya, sannan ka koma ka kunna Secure Boot. Idan zaɓin ya dushe ya ƙi dannuwa, ka nemi Restore Factory Keys ko Install Default Keys a sashen nasa.

Wanda ya sa tsohon katin hoto na daban ya kula: katin da bai san UEFI ba zai iya hana allo nuna komai bayan an kashe CSM. Maganin shi ne a cire katin a jona waya a ramin hoto na madabod, ko a cire batirin madabod na 'yan mintuna don saitin ya koma na asali.

Batirin nan, mai faɗin kwabo, lambarsa CR2032, ya cancanci a duba shi a kowace tsohuwar kwamfutar tebur. Idan ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta saitin BIOS na iya komawa yadda yake, TPM ɗin da ka kunna jiya ka tarar da shi a kashe yau, agogo kuma ya koma wata shekara ta baya. Kwamfutar da kwanan watanta ba daidai ba kuwa takan kasa yin magana da sabar Microsoft. Idan ka ga agogon kusurwar allo yana ɓata bayan kowace ɗaukewar wuta, ka sauya batirin kafin komai.

Bayan duk wannan ka sake gudanar da PC Health Check. Windows Update na iya ɗaukar har awa 24 kafin ya gane cewa na'urar ta cancanta, don haka jinkirin yini ɗaya ba alamar matsala ba ne.

Idan ta cancanta amma ba a miƙo mata ba

Wani lokaci Microsoft da kansa yakan riƙe sabuntawa daga na'urorin da aka san wani direba nasu, wato manhajar da ke sa wani sashe na na'urar aiki da Windows, yana rikici da sabuwar siga, har sai an gyara. Wani lokaci kuma matsalar daga Windows ɗin da ke kai ce: ko an saita layin intanet a matsayin Metered connection don tattalin data, ko an ɗora irin Windows ɗin nan da aka rage wa kaya aka kashe mata sabuntawa, ko kuma siga ce ta LTSC, ta kamfanoni, wadda ba a miƙa mata Windows 11 ta wannan hanya. Ka rubuta services.msc ka duba ko Windows Update yana kan Disabled. Idan kuma shafin sabuntawa yana cewa wata ƙungiya ce ke kula da wasu saituna, alama ce ta ragowar dokokin ofishin da ya yi amfani da na'urar a da, kuma a irin wannan na fi ganin dacewar ɗora sabuwar Windows daga tushe.

Idan ta fara ta koma baya

A nan lambar kuskure ce jagorarka, kuma za ka same ta a Update history. 0x80070070 na nufin wuri ya ƙare a faifai. Ka buɗe Disk Cleanup, ka danna Clean up system files, ka yi ƙoƙarin samar da fili kamar gigabait 30 don a samu sarari. 0xC1900208 na nufin wata manhaja da ke kai ba ta jituwa, galibi tsohon antibayiros ko manhajar ɓoye faifai, kuma cire ta ake yi gaba ɗaya, kashewa kawai ba ta isa. 0x80073712 na nuna wasu fayilolin Windows sun lalace ko sun ɓace. 0x800F0922 kuma ko dai an kasa isa ga sabar Microsoft, sau da yawa saboda VPN, ko kuma ɗan ƙaramin rabon da Windows ke tashi daga cikinsa ya cika.

Wadda aka fi gani ita ce 0xC1900101, kuma kusan kullum direba ne. Ka zare duk abin da ke jone in ban da allon rubutu, linzami da allo: firinta, sikana, filash, na'urar ɗaukar hoton yatsa, ɗan Wi-Fi na USB idan akwai waya. Idan akwai faifai na biyu a cikin akwatin, ka kashe kwamfutar ka zare wayarsa. Ka sauke sababbin direbobin chipset da na hoto da na faifai daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, ka sabunta BIOS idan akwai sabo, bisa sharaɗin wutar da aka ambata. Sannan ka rubuta msconfig, ka shiga Services, ka yi alama a Hide all Microsoft services, ka danna Disable all, ka sake kunnawa, domin Windows ta tashi ba tare da manhajojin waje ba. Bayan an gama hawa sai ka mayar da su.

Don gyaran fayilolin da suka lalace, ka gudanar da waɗannan biyun a jere a Command Prompt da ikon mai gudanarwa, na farko yana buƙatar intanet:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

sfc /scannow

Idan saukarwar ce ke maƙalewa a kaso ɗaya kullum, wataƙila abin da aka sauke ne ya gurɓata saboda yankewar layi. A Command Prompt da ikon mai gudanarwa ka rubuta net stop wuauserv, sai net stop bits, sai ren C:\Windows\SoftwareDistribution SoftwareDistribution.old, sannan ka sake kunna kwamfutar. Windows za ta buɗe sabon babban fayil ta fara saukarwa daga farko.

Idan har yanzu tana komawa baya, ka daina kintace ka karanta abin da ta rubuta. Windows tana gudanar da wani kayan bincike mai suna SetupDiag da kanta bayan kowace gazawa, tana ajiye sakamakon a C:\Windows\Logs\SetupDiag, kuma sau da yawa yakan ambaci sunan direba ko manhajar da ta jawo matsalar. Kwamfutar da ke mutuwa ɗif a tsakiyar aiki ba tare da wata lamba ba kuwa, a duba zafi. Ɗora Windows yana sa furosesa aiki tuƙuru na tsawon lokaci, kuma akwatin da ƙurar hunturu ta toshe masa fanka ba zai jure ba. Ka buɗe shi ka hure ƙurar, ka ga fankar tana juyawa.

Hawa ta fayil ɗin ISO

Ga mai layin intanet da ke yankewa, wannan ce hanyar da na fi amincewa da ita, domin sau ɗaya ake saukewa, kuma fayil ɗaya zai yi wa kwamfutoci da yawa. Ka sauke ISO na Windows 11, wato fayil ɗaya mai ɗauke da duk kayan ɗora ta, daga shafin Microsoft kaɗai, girmansa ya haura gigabait 5. Kafin ka zaɓi harshe ka rubuta DISM /Online /Get-Intl ka ga harshen asalin Windows ɗinka, domin Turancin Amurka da wanda aka kira English International ba ɗaya ba ne a wurin mai ɗorawa, kuma idan suka saɓa ba zai ba ka damar riƙe manhajojinka ba. Ka danna fayil ɗin sau biyu daga cikin Windows 10, ka buɗe setup.exe, ka shiga Change how Setup downloads updates ka zaɓi Not right now, sannan ka tabbatar an zaɓi Keep personal files and apps. Idan ka tashi kwamfutar daga filash maimakon haka, sabuwar ɗorawa za ka yi, manhajojinka ba za su biyo ka ba.

Bayan an hau, kana da kwana 10 na komawa Windows 10 ta Settings, System, Recovery, muddin ba ka goge babban fayil ɗin Windows.old ba. Ka yi amfani da kwanakin nan ka gwada firinta da sikana da duk manhajar da sana'arka ta dogara da ita.

Na'urar da ba za ta cancanta ba

Akwai hanyoyin tsallake binciken sharuɗa, kuma manhajar Rufus ma tana ba da wannan zaɓi idan ana haɗa filash. Microsoft ya bayyana cewa na'urar da aka ɗora wa Windows 11 ta haka ba ta da tabbacin samun sabuntawa, kuma daga siga ta 24H2 furosesar da ba ta da umarnin SSE4.2, irin su Core 2 Duo, ba ta tashi da ita sam. Ba na ba da shawarar wannan hanya ga kwamfutar da ke riƙe da lissafin kasuwanci ko bayanan ɗalibai ko na marasa lafiya, domin kowace sabuwar siga ta shekara na iya zama sabon aiki a hannunka.

A shekarar 2025 Microsoft ya buɗe shirin ESU na tsawaita sabuntawar tsaro ga masu Windows 10 siga ta 22H2 na gida, inda a lokacin ya ce zai kai 13 ga Oktoba 2026, kuma a shiga ta shafin Windows Update da asusun Microsoft, ko dai da dala 30, ko da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kyauta ga wanda ya kunna adana saitunansa ta Windows Backup. Ga wanda aikinsa bai wuce intanet da rubutu da lissafi ba, Linux Mint, wadda ake ɗorawa a madadin Windows, tana tafiya lafiya a kan na'urorin zubi na 4 zuwa na 7, kuma ana iya gwada ta daga filash ba tare da an taɓa faifai ba, a ga ko firinta za ta yi aiki da ita. Wanda kuma ya yanke shawarar sauya akwatin, ya sa a kunna masa a shagon, ya buɗe msinfo32 da tpm.msc da hannunsa, ya ga furosesa ta zubi na 8 ko sama, da UEFI, da TPM 2.0, kafin ya biya kuɗi.